Sauƙin Bauta a Ƙasar Hausa: Wa Ya Biya Kuɗinsa?

A shekarar 1954 M. G. Smith ya buga wata maƙala da ta kwatanta bauta a Jamaika, ƙasar haihuwarsa, da bauta a masarautar Zazzau, inda ya yi bincike a 1949 da 1950. Matsayinsa shi ne bawan Jamaika ya rayu ya mutu yana haja, bare a addini da launi, shi kuwa bawan Zazzau ana musuluntar da shi, a yi masa aure, 'ya'yansa su tashi da Hausa a baki, har zuriyarsa ta saje da jama'a. Daga baya Miers da Kopytoff (1977) suka shimfiɗa irin wannan fahimta a kan nahiyar baki ɗaya. Yau ra'ayin ya fita daga mujallu ya shiga bakin 'yan siyasa da masu sharhi a rediyo, ya kuma yi kaushi: wai bauta ta ainihi ita ce wadda Turawa suka yi ta teku, tamu kuwa zaman gida ce, kusan riƙo. A ganina yawancin abin da Smith ya bayyana gaskiya ne. Hukuncin da ake cirowa daga cikinsa shi ne kuskure, kuma kuskuren yana rufe mana ido ga abin da ya sa bautar ta ɗore.

Ba sai an maimaita tarihin jihadin 1804 da kafuwar Daular Usmaniyya ba (Last, 1967), ko ƙiyasin da ya sa bayin daular tsakanin miliyan 1 da miliyan 2.5 a ƙarshen ƙarni na 19 (Lovejoy da Hogendorn, 1993). Tun a 1824 Clapperton ya ɗauka fiye da rabin mazauna birnin Kano bayi ne. Lissafin baƙo ne da ya yi da ido, amma ko an rage shi sosai, abin da ya saura ya fi ƙarfin a kira shi hidimar cikin gida.

Ya kamata a ba Smith haƙƙinsa cikakke, domin hujjojinsa ba na yarwa ba ne. Bacucane, wanda aka haifa a gidan ubangijinsa, al'ada ta ƙyamaci a kai shi kasuwa. Kuyangar da ubangijinta ya sa ɗaka, idan ta haihu da shi, ɗanta ɗa ne mai gado, ita kuma tana 'yantuwa da mutuwar ubangijin. Sarakuna da dama ta wannan hanya suka zo duniya. Akwai murgu, inda bawa ke neman na kansa yana biyan ubangijinsa wani abu da aka yanka, akwai fansar kai, akwai 'yantawa don kaffara ko neman lada. A fadar Kano, Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama bayin sarki ne, amma hakimai 'ya'yan sarauta na shakkarsu (Stilwell, 2004). Gonakin rake na Jamaika ba su san irin waɗannan ƙofofi ba, kuma duk wanda ya musanta bambancin bai yi wa tarihi adalci ba.

To amma kowace ɗaya daga cikin ƙofofin nan ta fita ce. Wanda ya fanshi kansa ya bar gandu. Ɗan ƙwarƙwara bai shiga gandun ba tun farko, ga shi uwarsa tana cikin matan da suka fi ƙuruciya da lafiya, waɗanda da su ne za su haifi bayin gobe. Bacucane yana nan, sai dai ba a biyan bashi da shi, ba a aika shi Sakkwato cikin gaisuwar shekara, ba a musanya shi da doki. Buƙatar kuwa ba ta ragu ba. Ƙasar noma tana da yalwa, hannu ne ke da tsada (Domar, 1970), kuma talaka mai 'yanci da zai iya sare daji ya yi gonarsa ba shi da dalilin yi wa wani noma shekara da shekaru. Auduga da baban da suka ciyar da masaƙa da marinar Kano da Kura, hatsin da ya ciyar da ribaɗoɗi da fada, duk suna son hannu. Tulun da ke yoyo dole a yi ta komawa rafi da shi. Rafin a nan shi ne kudancin Zazzau, tsaunukan Bauchi, Adamawa, da ƙasashen da Kontagora da Bida suka yi ta kai wa hari har zuwan Turawa. Wannan ita ce da'awata: narkar da bayi cikin jama'a, wanda ake kawowa shaidar sauƙi, yana daga cikin dalilan da suka hana hari tsayawa. Smith ya duba ƙarshen tafiyar bawa, a rinji, wato ƙauyen bayi, bayan tsara ɗaya ko biyu. Farkon tafiyar, daren da aka ƙone ƙauyen kakarsa, ba ya cikin ma'auninsa.

Mai kare Smith zai ce cucanawa ma suna haihuwa, rumada suna cika da kansu, don haka ba lallai ne fita ta haifar da hari ba. Wannan ƙalubale ne mai nauyi, kuma yana tilasta mini in taƙaita magana. Babu ƙidayar haihuwa da mutuwa ta rumada da za a dogara da ita. Abin da ke hannu shi ne nazarin wurare ƙalilan: Hogendorn (1977) a kan gandaye biyu a Zazzau, Salau (2011) a kan Fanisau kusa da Kano, sai labaran baka da aka tattara a shekarun 1970 daga tsofaffin da suka riski zamanin. Daga waɗannan ba za a iya cewa yawan bayi yana raguwa a ko'ina ba. Abin da za a iya cewa, ba tare da wuce gona da iri ba, shi ne a manyan gandayen sarauta da na attajirai na Kano da Zazzau sababbin kamu ba su daina shigowa ba har ƙarshen ƙarnin, kuma bawan da ke yawo a matsayin kuɗi, wanda ake yin gaisuwa da kyauta da ciniki da shi, sabon kamu ne kusan koyaushe. A kan wannan kaɗai nake tsayawa. Ƙaramin gidan da ke da bawa ɗaya ko biyu a ƙasar Katsina wata magana ce, kuma Hill (1976) ta yi gargaɗi a kan ɗaukar kowace gona a matsayin katafaren gandu.

Mai kare Smith zai kuma ce harin na addini ne, ba na neman hannu ba. Shari'a ta shata iyakar wanda ya halatta a kama. Ba ita ta yanke yawan waɗanda za a kamo ba. Tun a 1615 Ahmad Baba na Tumbutu ya lissafa Kano da Katsina da Barno cikin ƙasashen Musulmi da bai halatta a bautar da mutanensu ba, kuma kama Musulmin Gimbana na cikin abin da ya hura wutar rikicin Shehu da Gobir. Duk da haka aka sami Hausawa Musulmi a Bahiya ta Barazil, har suka yi yunƙurin tawaye a 1807. Baba ta Karo, wadda matar Smith ɗin ce ta rubuta tarihinta, ta fito daga gida mai rinji, amma ta ba da labarin yadda mahara suka kwashe 'yan gidansu sai da aka biya fansa. Inda farashi ya yi kyau, iyakar malamai takan zama abin tsallakewa. (Masu ɗora laifin duka a kan jihadi su ma su tuna littafin Tarihin Kano ya ambaci hare-haren Galadima Dawuda zuwa kudu a zamanin Abdullahi Burja, ƙarni na 15, shekaru ɗaruruwa kafin a haifi Shehu.)

Idan wannan bayani ya tsaya, to saɓanin tunawa da ke cikin siyasarmu bai zo da mamaki ba. Lugard bai soke bauta ba a 1901. Ya haramta hari da ciniki, ya ce duk wanda aka haifa bayan 31 ga Maris na shekarar ɗa ne, ya bar sauran su nemi fansa a gaban alƙali. Sai 1936 aka soke ta gaba ɗaya. Wannan janyewa a hankali ta ba zuriyar bayi a birane damar ɓacewa cikin Hausawa, kuma kunya ta sa tonon asali ya zama zagi. Wanda ya tashi a Kano ko Zariya, abin da ya gani da idonsa shi ne ƙarshen da Smith ya kwatanta, don haka ba ƙarya yake yi ba in ya ce babu wani tabo. A wuraren da aka yi ta ɗiba kuwa, babu abin da ya narke. Labarin hawa dutse don gudun mahaya yana nan a bakin kakanni, kuma shi ne ya fito a koken ƙananan ƙabilu gaban Hukumar Willink a 1957 da 1958, ya sake fitowa cikin muhawarar da ta biyo rikicin Zangon Kataf na 1992. Gwamnatin tarayya ta karɓi baƙuncin taron neman diyya daga Turai da Amurka a Abuja a 1993, da M. K. O. Abiola a gaba, kuma Badagry da Kalaba suna da gidajen tarihin cinikin teku. Bautar cikin gida ba ta sami irin wannan gata ba, mai yiwuwa domin wanda za a tuhuma da wanda zai yi tuhuma duk suna jefa ƙuri'a a akwati ɗaya.

A Nijar batun bai tsaya ga tunawa ba. Ƙungiyar Timidria, wadda aka kafa a 1991, ta matsa har aka sa bauta cikin manyan laifuka a 2003, kuma a Oktoban 2008 kotun ECOWAS ta sami gwamnati da laifin kasa kare Hadijatou Mani, wadda aka sayar tana da shekara 12 a matsayin wahaya, ta umarci a biya ta sefa miliyan 10. Tsarin da aka riƙe ta a ƙarƙashinsa dangin sa-ɗaka ne, wato ƙofar da masu ra'ayin Smith suka fi kafa hujja da ita. Ita Hadijatou ta bar gidan wanda ya saye ta ne ta auri wanda take so, aka yanke mata ɗaurin wata shida bisa zargin aure kan aure.