Yadda baƙaƙen fata suka mayar da martani ga wariya a farkon sinimar Amurka

Shekaru da dama kafin Martin Luther King ya jagoranci gwagwarmayar neman 'yancin baƙaƙen fata a Amurka, an riga an fafata a kan batun wariyar launin fata a gidajen sinima na ƙasar.

Fafatawar ta samo asali ne daga wani fim guda da ya fito a shekarar 1915, a zamanin da fina-finai ba su da murya, sai dai hoto da rubutun da ake saƙalawa tsakanin fitowa da fitowa.

Fim ɗin da ya tayar da ƙura

Sunan fim ɗin The Birth of a Nation, wato haihuwar ƙasa, kuma D. W. Griffith ne ya shirya shi daga littafin The Clansman na Thomas Dixon.

Fim ɗin, mai tsawon kusan awa uku, ya ba da labarin yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865 da shekarun da suka biyo bayan 'yanta bayi.

A cikinsa an nuna baƙaƙen fata a matsayin jahilai waɗanda ba su cancanci jefa ƙuri'a ba, kuma masu farautar matan Turawa. Turawa ne da suka shafa baƙin fenti a fuska suka fito a manyan matsayin baƙaƙen.

'Yan ƙungiyar Ku Klux Klan kuwa, masu rufe fuska da fararen kaya, su ne aka mayar jaruman da suka ceci kudancin ƙasar.

An nuna fim ɗin a Fadar White House a zamanin shugaba Woodrow Wilson, ya kuma samu kasuwa irin wadda ba a taɓa gani ba. A watan Nuwamban shekarar aka sake farfaɗo da ƙungiyar Ku Klux Klan a jihar Georgia, kuma ta riƙa amfani da fim ɗin wajen jawo sababbin mambobi.

Zanga-zanga da kamfanoni

Ƙungiyar NAACP mai kare haƙƙin baƙaƙen fata, wadda aka kafa a 1909, ta nemi a haramta fim ɗin ko a yanke wasu sassansa. A birnin Boston, ɗan jarida William Monroe Trotter ya jagoranci zanga-zanga a kansa.

An hana nuna shi a wasu wurare, amma a mafi yawan ƙasar jama'a sun ci gaba da tururuwa zuwa kallonsa.

Ganin haka ne wasu baƙaƙen fata suka yanke shawarar cewa fim ne kawai zai iya ƙaryata fim.

A 1916 ɗan wasa Noble Johnson ya kafa kamfanin Lincoln a Los Angeles. Fim ɗinsu na farko ya nuna wani matashi baƙar fata mai ilimi da ya yi arziki ta hanyar guminsa, abin da ba a saba gani a majigi ba a lokacin.

Oscar Micheaux

Wanda ya fi yin fice a wannan fage shi ne Oscar Micheaux, wanda aka haifa a jihar Illinois a 1884.

Ya yi aikin hidimar fasinjoji a jirgin ƙasa, ya yi noma a South Dakota, sannan ya shiga rubuta littattafai yana bin gida-gida yana sayarwa. A 1919 ya mayar da littafinsa The Homesteader fim, da kuɗin da ya tara ta hanyar sayar da hannun jari.

A watan Janairun 1920 ya fitar da Within Our Gates, wanda masana tarihin sinima ke kallo a matsayin amsa ga Griffith.

Labarin wata malamar makaranta ne mai suna Sylvia Landry, wadda Evelyn Preer ta fito a matsayinta. Ta tafi Boston neman taimako domin wata makarantar 'ya'yan baƙaƙen fata da ke gab da rufewa a kudu.

Sai can wajen ƙarshe ake bayyana abin da ya same ta a baya. An zargi uban riƙonta, wanda manomi ne, da kisan wani Bature mai gona, laifin da bai aikata ba. Gungun Turawa, har da mata da yara, suka rataye shi da matarsa ba tare da shari'a ba.

A daidai wannan lokaci wani Bature ya yi yunƙurin yi wa Sylvia fyaɗe, bai dakata ba sai da ya ga wani tabo a ƙirjinta, ya gane 'yarsa ce ta cikinsa.

Ta haka Micheaux ya juya zargin Griffith, ya nuna wanda ke aikata ta'asar da kuma wanda ake yi wa.

Bai kuma kyale nasa mutanen ba. Akwai mai wa'azi da ke koya wa mabiyansa miƙa wuya domin faranta wa Turawa, da wani bara mai kai tsegumi wanda gungun ya hallaka daga baya.

Hukumar tace fina-finai

Fim ɗin ya fito ne watanni kaɗan bayan tarzomar ƙabilanci ta birnin Chicago a 1919, inda mutane 38 suka mutu, 23 daga cikinsu baƙaƙen fata.

Da farko hukumar tace fina-finai ta birnin ta ƙi amincewa da shi, tana fargabar zai sake hura wutar rikici. A wasu garuruwa an yanke sassansa, a wasu kuma an hana shi baki ɗaya.

Wannan bai hana Micheaux fitar da The Symbol of the Unconquered a shekarar ba, inda ya tunkari Ku Klux Klan kai tsaye. Kafin rasuwarsa a 1951 ya shirya fina-finai fiye da 40, ciki har da Body and Soul na 1925, wanda shi ne fitowar farko ta Paul Robeson a fim.

Abin da ya yi saura

Yawancin irin waɗannan fina-finai, waɗanda ake nunawa a gidajen sinimar baƙaƙen fata, sun salwanta, domin babu babban kamfani da ya adana su.

Shi ma Within Our Gates an daɗe ana zaton ya ɓata, sai da aka gano kwafi ɗaya a ma'ajiyar fina-finai ta ƙasar Sifaniya, an sa masa suna La Negra. Daga shi ne Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya sake gyara fim ɗin, aka fassaro rubutunsa daga Sifaniyanci zuwa Turanci.

Shi ne cikakken fim mafi daɗewa da baƙar fata ya ba da umarni a Amurka wanda aka san yana nan.

A 1992 aka sanya shi cikin kundin fina-finan da Amurka ke adanawa saboda muhimmancinsu ga tarihi. A shekarar ce kuma aka sanya fim ɗin Griffith cikin wannan kundi.