Gilashin kusa

Gilashin kusa wani ƙaramin gilashi ne mai tudu da ake ɗaurawa a bakin gilashin kyamara domin ta iya ɗaukar hoton ƙananan abubuwa daga kusa, kamar ƙwari, furanni, tsabar kuɗi da kayan ado. Aikinsa daidai yake da na tabaran karatu a idon mutum: yana rage nisan da kyamara ke iya saita abu ya fito tar. Ana amfani da shi a hoton makro, wato hoton da girman abu a kan sansar kyamara ya kusa kai girmansa na zahiri ko ya kai, wanda ake rubutawa 1:1.

Ma'aunin ƙarfi

Ana auna ƙarfin gilashin kusa da diyofta, ma'aunin da likitan ido ɗan Faransa Ferdinand Monoyer ya gabatar a shekarar 1872, kuma shi ne ake rubutawa a takardar yanka tabarau. Idan aka raba mita ɗaya da lambar diyofta, za a sami tsawon fokas na gilashin. Mai +1 yana da mita 1, mai +2 santimita 50, mai +4 santimita 25, mai +10 kuma santimita 10. Idan an saita babban gilashin kyamara a kan nesa mafi nisa, wannan tsawon shi ne tazarar da za ta kasance tsakanin gilashin kusa da abin da ake ɗauka. Duk abin da ya wuce nan ba zai fito ba sai an cire gilashin.

Girman da ake samu ya danganta da gilasan biyu: ana raba tsawon fokas na babban gilashi da na gilashin kusa. Gilashi mai milimita 100 da aka ɗaura wa +4 yana ba da 0.4, mai milimita 200 da aka ɗaura wa +5 kuwa yana kai 1:1. Shi ya sa gilashin kusa ya fi amfani a kan dogayen gilasai. Ana iya ɗora biyu a jere, ƙarfinsu ya haɗu: +1 da +2 su zama +3.

Nau'o'i

Mai arha falle ɗaya ne, kuma yakan raba launukan haske, sai a ga ja ko shuɗi a gefen abubuwa, musamman a kusurwoyin hoto. Mai inganci falle biyu ne na gilasai daban-daban da aka manne, ɗaya yana gyara kuskuren ɗaya. Daga cikin sanannun gilasan kusa masu gyaran launi akwai Canon 500D mai +2, Canon 250D mai +4, da Raynox DCR-250 mai +8. Fa'idar gilashin kusa a kan bututun ƙari da ake sakawa tsakanin kyamara da gilashinta ita ce ba ya rage hasken da ke isa sansa.

Zurfin fayyacewa

Zurfin fayyacewa shi ne faɗin yankin da ke fitowa garau a gaba da bayan wurin da aka saita. A hoton fili yakan kai mitoci masu yawa, amma a hoton kusa da milimita ake auna shi. Ana ƙiyasta shi da wannan lissafi: 2 × N × c ÷ m². A nan N lambar ƙofar haske ce ta ainihi, m girman da aka samu, c kuma mafi girman ɗigon da ido zai ɗauka a matsayin garau, wanda aka saba sanya wa milimita 0.03 a sansa mai milimita 36 da 24.

Da ƙofar haske ta f/16, idan girma 0.5 ne, zurfin ya kusa milimita 4. A 1:1 ya sauka ƙasa kaɗan da milimita 1. A 2:1 kuwa kusan rubu'in milimita ne. Wato duk lokacin da girma ya ninka, zurfin yana komawa kashi ɗaya cikin huɗu. Wannan ne dalilin da ya sa idon ƙuda kan fito tar a hoto, fikafikansa kuma su yi dishi-dishi. Sauya gilashi ba ya warware matsalar, domin muddin girma da ƙofar haske ta ainihi ɗaya ne, zurfin kusan ɗaya ne. Abin da dogon gilashi ke ƙarawa shi ne tazara, yadda ƙwaro ba zai firgita ya tashi ba.

Hanyoyin ƙara zurfi

Hanya ta farko ita ce matse ƙofar haske, amma tana da iyaka. Idan ƙofar ta yi ƙanƙanta, haske yana bazuwa a gefenta, sai dukan hoton ya rage kaifi. Gilashin makro da aka saita a f/16 yana aiki kamar f/32 idan ya kai 1:1, don haka wannan matsala ta fi saurin bayyana a hoton kusa. Matse ƙofa kuma yana rage haske, sai a buƙaci filasha ko ƙafar kyamara.

Hanya ta biyu ita ce daidaita kyamara ta fuskanci abin a miƙe, misali fiffiken malam-buɗe-littafi ya zama duk a nisa ɗaya daga gilashi.

Ta uku ita ce tara hotuna: ana ɗaukar hotuna da yawa, ana matsar da saiti kaɗan-kaɗan, sannan manhaja irin su Helicon Focus ko Zerene Stacker ta zaɓi wurin da ya fito a kowanne ta haɗa su hoto ɗaya. Da wannan dabara mai ɗaukar hoto ɗan Birtaniya Levon Biss ya yi hotunan ƙwari da aka baje a gidan tarihin halittu na Jami'ar Oxford a 2016, inda kowane hoto ya ƙunshi dubban hotuna. Sharaɗinta shi ne kada abin da ake ɗauka ya motsa, saboda haka ta fi dacewa da aikin cikin ɗaki.