Zafin gaba mai naci: Hasken leza ko man shafawa?

Bulbodiniya, kamar yadda likitoci ke kiransa, raɗaɗi ne a bakin farjin mace wanda ya kai wata 3 ko fiye, ba tare da an gano musabbabinsa ba.

Ya kan addabi mata masu ƙarancin shekaru, musamman lokacin saduwa, har ya kai ga dagula zaman aure. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2012 ya nuna cewa kimanin mata 8 cikin 100 na fama da shi.

Man shafawa

Maganin da aka fi bayarwa shi ne man lidoken, wanda ke kashe jin zafi a fata na ɗan lokaci. Ana shafa shi da dare ko kafin saduwa, kuma ba shi da tsada.

Sai dai a wani gwaji da aka yi a Amurka a 2010, sauƙin da ya kawo bai fi na man da babu magani a cikinsa ba.

A 2021 masu bincike a Kanada suka gano cewa gashi da motsa tsokar ƙugu a hannun ƙwararru ya fi shi amfani.

Hasken leza

Ita leza na'ura ce da ke haska wurin domin rage zafi. Gwaje-gwajen da aka yi a kanta ƙanana ne, don haka masana ba su tabbatar da fifikonta ba.

A 2018 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗin cewa amfani da irin waɗannan na'urori wajen “gyaran” farji na iya jawo ƙuna, tabo da ciwo mai ɗorewa.

A karkara

A gari irin Zakirai, hedkwatar ƙaramar hukumar Gabasawa a jihar Kano, abin da ke gaban mace shi ne gano ciwon tukuna.

Mata da dama a ƙasar Hausa kan ɗauki duk wani zafin gaba a matsayin sanyi, su yi ta sayen magani a kemis. Wasu kuma akan yi musu yankan gishiri, wanda ke iya haddasa yoyon fitsari.

Likitoci kan fara da binciken ƙwayoyin cuta da cututtukan fata, sannan su taɓa wurin da auduga don gane inda ke zafi. Idan abin ya gagara, akan tura mara lafiya manyan asibitoci irin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano.