Nguru ba ƙauye ba ne, jirgi ne ya daina zuwa

Daren jiya a hostel wani abokina ya tambaye ni a kan me nake rubuta kundin digirina na biyu. Na ce tarihin tattalin arziƙin Nguru da Gashua. Sai ya kwashe da dariya, wai me ke can ban da zafi da sauro? Abin ya ci mini rai, shi ya sa na kasa barci sai da na rubuta wannan.

Nguru ta girmi Turawan mulki nesa ba kusa ba. Tun ƙarni na 17 nan ne mazaunin Galadiman Borno, mai tsaron iyakar daular ta yamma, wato ɓangaren da ke fuskantar ƙasar Hausa. Mangawa na kawo manda da kanwa, fatake na wucewa da su Kano. Yaƙe-yaƙen jihadi a farkon ƙarni na 19 suka rusa wannan ƙarfi.

Abin da ya sake tayar da garin shi ne layin dogo daga Kano, wanda ya iso a 1930. A nan kuma ya tsaya, bai wuce ba. Ku lura da wannan fa, don shi ne sirrin komai. Duk gyaɗa da auduga da ƙaro da fatu da shanun wannan yanki, har na ƙetaren iyakar Nijar, dole sai sun sauka a Nguru kafin su hau jirgi. Daga baya aka gina mayanka mai ɗakin sanyi, nama na tafiya Legas ta jirgi. Kakana ɗan dako ne a tashar. Har ya rasu, idan zai auna wahalar wani aiki, da buhun gyaɗa yake aunawa. Yakan ce lokacin kaka a tasha za ka ji Barbarci da Hausa da Fulatanci da Yarbanci da Larabci kafin ka gama shan kunu.

Ba 'yan kasuwa kaɗai garin ya jawo ba. Zawiyar Shehu Muhammad Gibrima, babban malamin Tijjaniyya da ya rasu a 1975, ta tara almajirai daga nesa, har gobe kuma ana zuwa ziyara. Ni a ganina wannan gadon ya fi na gyaɗa ƙarko.

Gashua labarinta daban ne. Ita ta Badawa ce, a bakin kogi, fadar Mai Bade ta dawo can ne daga Gogaram. Kifi, shinkafar fadama, barkono. Yau kuma ga jami'ar tarayya tun 2013.

To me ya faru? Farin 1973 ya zo, cuta ta cinye gyaɗa a 1975, kuɗin man fetur suka ɗauke hankalin gwamnati, manyan motoci suka ƙwace lodi daga jirgi. Amma wanda ya fi damuna shi ne ruwa. An gina madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992, duka a Kano. Ambaliyar da ke zuwa kan lokaci ta shayar da fadama sannan ta janye sai ta rikice. Ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa: wani wurin gona ta nutse shekara da shekaru, wani wurin kuma ko ɗigo babu. A 2000 aka sa tafkin Nguru cikin dausayin da duniya ta amince a kare. Masuncin da na zauna da shi a bakin tafkin bai taɓa jin labarin ba, shi dai kwalekwalensa ne ba ya iya ratsa kacala.

Matsalata yanzu, waɗanda suka ga zamanin jirgi da idonsu ƙarewa suke. Cikin dattawa biyar da aka ba ni sunayensu bara, biyu sun riga mu gidan gaskiya kafin in kai gare su, Allah Ya jiƙansu. Ranar Asabar zan koma. Duk wanda kakansa ya yi aiki a tasha ko mayanka, don Allah ya yi mini magana kafin Juma'a.