Ƙaramar Kwamfuta a Dutse, Daga 2007 Zuwa Yau

Jigawa ta san kwamfuta da wuri, sai dai ta fara saninta ne a matsayin kayan gwamnati. A zamanin Gwamna Saminu Turaki, wanda ya yi mulki daga 1999 zuwa 2007, aka buɗe makarantar Informatics a Kazaure, aka kuma kafa kamfanin Galaxy a Dutse. Kwamfutocin lokacin manya ne na kan tebur, sai a ofis ko a kafe ake ganinsu, ɗan talaka kuwa bai sa rai da mallakar tasa ba.

Daga Taiwan sauyin ya taso. A ƙarshen 2007 kamfanin Asus ya fito da Eee PC, 'yar ƙarama mai fuska inci 7, da RAM megabait 512, da ma'ajiya gigabait 4. Kafin shekara ta zagayo Acer Aspire One da HP Mini da Samsung NC10 sun biyo baya, kusan dukkansu da ƙaramin injin Atom na Intel, da RAM gigabait 1. Wannan ƙarancin da gangan ne, domin Microsoft ya gindaya sharaɗin cewa ba zai sayar da Windows XP a farashi mai rahusa ba sai ga na'urar da ba ta wuce haka ba. Da Windows 7 Starter ta zo, ko hoton fuskar kwamfutar ba ta yarda mai ita ya canza ba.

A Turai da Amurka yayinsu bai daɗe ba. iPad ta fito a 2010, zuwa ƙarshen 2012 Asus da Acer suka daina ƙera su. A daidai lokacin ne buƙatarsu ta taso a nan. An kafa Jami'ar Tarayya ta Dutse a 2011, ɗalibai suka kama ɗakuna a Yalwawa da unguwannin da ke kewaye. JAMB ta fara jarrabawa da kwamfuta a 2013, ta mayar da ita dole a 2015. Na hannu suka riƙa shigowa ta Legas, su sauka a titin Beirut a Kano, daga can su iso Dutse cikin jakar goyo.

Abin da ya sa suka yi ƙarko shi ne ana iya buɗe su. A yawancinsu, noti kaɗan mai gyara zai kwance ya zare RAM ya sa mai gigabait 2, wanda shi ne iyakar abin da injin ke ɗauka. Batir idan ya mutu ba a yar da shi: a fasa kwanson, a cire ƙwayoyin 18650 da suka gaji, a jera masu rai. A garin da wutar KEDCO ba ta da tabbas, wannan aikin ya fi kowane gyara daraja. Ƙurar hunturu kan toshe fanka, zafin Afrilu kuma ya sa kwamfuta ta riƙa kashe kanta, don haka ake buɗe ta a busa, a sabunta man da ke kan injin. Masu rubutun Hausa sukan nemi a saka musu haruffan Rabi'at da Abdalla, waɗanda Farfesa Abdalla Uba Adamu ya samar, saboda ƙ da ɗ da ɓ su fito daidai.

Bayansu sai tsofaffin kwamfutocin ofisoshin Turai suka shigo, irin su ThinkPad X220 ta 2011 da X230 ta 2012, masu fuska inci 12.5. A ganina ba a taɓa yin zamanin da ya kyautata wa ɗalibi kamar wannan ba. Gurbin RAM biyu gare su, suna ɗaukar har gigabait 16. Idan aka cire tsohon faifai mai juyawa aka sa SSD, kwamfutar da sai ka sha shayi kafin ta gama tashi za ta buɗe cikin daƙiƙoƙi. Mutum zai saya da ɗan abin da ke hannunsa, bana ya ƙara RAM, baɗi ya sauya batir, kamar mai ginin da yake ɗora bulo gwargwadon samunsa.

Wannan ƙofa ce kamfanoni suke ta rufewa, kuma abin yana damuna. Tun 2008 Apple ya manne RAM a jikin MacBook Air. HP Stream 11 ta 2014 ta zo da gigabait 2 da ma'ajiya gigabait 32, duka a manne da dalma, mai gyara ba shi da abin yi. Ko Lenovo mai ƙera ThinkPad, da ya zo kan X280 a 2018, ya cire gurbin RAM ɗin gaba ɗaya.

Ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da ya saba bai wa Windows 10. Windows 11 tana neman injin Intel daga zubi na 8 zuwa sama, X230 kuwa zubi na 3 ce. Ɗalibin da ya je saye yanzu zaɓi biyu ne a gabansa: ya ɗauki X280 ya haƙura da RAM ɗin da ta zo da shi har ƙarshen rayuwarta, ko ya ɗauki X230 ya cika ta, ya koyi aiki da Linux Mint a madadin Windows.