Daga Tukubar Mahauci zuwa Madafin Uwargida: Tarihin Tsumammen Nama a Tsallaken Kogin Kaduna

A wasu gidajen da ke tsallaken kogin Kaduna, wato wajejen Barnawa da Narayi da Kakuri, akwai wani girki da ake yi ranar Salla ko Kirsimeti, ko kuwa in an yi baƙon kunya. Akan sami naman kwiɓin sa, a feɗe shi ya yi faɗi kamar faifai, a tsuma shi cikin kayan yaji ya kwana. Da gari ya waye sai a shimfiɗa masa albasa da karas da dafaffen ƙwai, a naɗe kamar tabarma, a ɗaure da zare, a gasa. In an yanka shi a faranti, kowane yanki sai ya fito da zobe-zobe, nama a waje, kayan lambu a ciki. Galibin waɗanda suka ci sukan ce ai abincin Turawa ne. Maganar tasu tana da ƙamshin gaskiya, amma rabinta ne kawai. Naɗin da cusawar lalle baƙi ne. Feɗewar da tsumawar kuwa, waɗanda in babu su girkin ba ya yiwuwa, aikin mahautan Hausa ne tun kafin a san za a yi wani gari wai shi Kaduna.

A shekarar 1824 Baturen nan Hugh Clapperton ya shiga kasuwar Kano, ya kuma rubuta abin da ya gani a wajen 'yan nama. Ya ce kusa da mahauta akwai wuraren cin abinci a fili, inda ake hura wutar itace a kewaye ta da tsinkaye, kowane tsinke an jera masa ƙananan yankan tsoka da kitse bi da bi. Wannan siffar tsire ce sak, har da yadda ake kafa shi a tukuba. Abin lura a cikin labarin nasa shi ne, mace ya tarar tana raba wa masu saye, alhali daga baya sana'ar ta zama ta maza zalla. Bai bar mahautan haka nan ba, sai da ya tona musu asiri: ya ce sukan hura wa nama iska don ya cika ido, wani lokaci ma su manna gashin tunkiya a ƙafar akuya don wanda bai sani ba ya ɗauka naman rago ne.

Shi yajin da ake barbaɗa wa tsire ba rana ɗaya aka haɗa shi ba. Masoro da kimba da citta mai ƙwaya tsofaffin 'yan gida ne a Afirka ta Yamma. Kanumfari fatake ke kawo shi daga nesa. Gyaɗa da barkono kuwa, waɗanda yau ba a tunanin tsire sai da su, asalinsu daga nahiyar Amurka ne, kuma ba su iso Afirka ba sai bayan da jiragen ruwan Turawan Fotugal suka fara zirga-zirga tsakanin nahiyoyin biyu a ƙarni na 16. Da jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe daga 1912, nomanta ya yawaita, matan ƙauye suka yi ta matsar mai, tunkuza da ƙuli-ƙuli suka wadata. Mahauci ya sami abin da zai riƙe masa yaji a jikin nama da araha.

Inda gwanintar mahauci ta fi fitowa shi ne wajen kilishi. Yakan zaɓi tsoka marar kitse, ya sa wuƙa yana yanka yana warwarewa, har dunƙulen nama ya koma sala guda mai faɗi, siririya, ba tare da ta huje ba. A shanya ta a rana ta bushe, sa'an nan a tsoma ta cikin labu, wato kwaɓaɓɓiyar tunkuza da aka haɗa da citta da kanumfari da masoro da barkono da albasa da gishiri, a sake shanyawa, a ƙarshe a nuna mata garwashi. Masana kimiyyar abinci sun tabbatar da cewa in an tsuma nama, in ban da gishiri, sauran kayan ƙamshi ba sa ratsa shi sai ɗan abin da bai taka kara ya karya ba daga sama. Saboda haka wanda ya tsuma gunduma guda ya yi asarar yajinsa, don cikin zai fito salam. Mahauci bai karanta wannan a littafi ba, amma salar da yake yi amsar matsalar ke nan: in yaji ba zai shiga nama ba, to a buɗe naman ya zama duk jikinsa waje ne. Haka kuma tsohuwar dabarar naɗe nama mai tauri cikin ganyen gwanda tana da tushe, domin a cikin ƙullun gwanda akwai wani sinadari mai sassauta zaren tsoka.

Wannan sani gado ne, uba ke koya wa ɗa. Rundawa suna da sarkinsu, wato Sarkin Pawa, suna da kiɗansu na kalangu, da wasanninsu na dambe da hawan ƙaho. Duk da haka al'umma ba ta ba su matsayi mai tsawo ba. M. G. Smith, wanda ya yi bincike a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950, ya nuna fawa tana cikin sana'o'in da ake sa wa a ƙasa-ƙasa a jerin daraja. Abin mamaki ne a ce mutum yana lashe yatsa da aikin hannun wanda ba zai ba shi 'yarsa ba, amma haka abin yake. Wannan raini kuwa shi ya taimaka wajen tsare sirrin sana'ar, don ba kowa ke sha'awar zama ya koya ba.

Tsallaken Kogi

Jirgin ƙasa ne ya fara tara mutane a kudu da kogin Kaduna. A nan aka gina babbar tashar da ake kira Kaduna Junction, kuma a 1927 layin da ya taso daga Fatakwal ta Kafanchan ya zo ya haɗu da na Legas zuwa Kano a wurin. Tun a 1917 gwamnatin Turawa ta taso daga Zungeru ta zauna a arewa da kogin, can ofisoshi da gidajen manyan ma'aikata suke. Kudu kuwa, inda Gwari suke zaune tun asali, sai ta zama wurin leburori da ma'aikatan reluwe da masu sayar musu da abinci. Har yanzu sunayen mazaɓun Kakuri Gwari da Kakuri Hausa suna tuna wa mutane yadda zaman ya faro.

Abin da ya mai da Kakuri da Makera gari sosai shi ne masaƙu. A 1957 Kaduna Textiles Limited, wadda aka fi sani da KTL, ta fara aiki, haɗin gwiwar Gwamnatin Jihar Arewa da kamfanin David Whitehead na Ingila. Nortex ta biyo baya a 1962, sai United Nigerian Textiles ta mutanen Hong Kong da Arewa Textiles mai hannun Japanawa a tsakiyar shekarun 1960. Ga masana'antar makamai ta soja a 1964, ga kamfanin harhaɗa motocin Peugeot a 1975. Dubban samari suka kwararo daga kudancin Zazzau da Binuwai da Filato da Kabba da sauran sassan ƙasa. Masaƙa ba ta barci, aiki ake yi kashi-kashi dare da rana. Gwauron da ya tashi daga aiki da dare, ba mata a ɗaki ba tukunya a murhu, ina zai nufa in ba wajen fitilar mai tsire ba? Ta haka ne harshen Tibi da Idoma da Bajju da Igala ya saba da ɗanɗanon ƙuli-ƙuli da citta a jikin nama, har ya zama nasu.

A irin wannan cakuɗa ce kalmar suya ta canza ma'ana. Ga Bahaushe suya ita ce dafa abu cikin mai, wanda aka tsire a tsinke kuwa tsire ne, wanda aka gasa a shimfiɗe balangu. Waɗanda Hausa ba harshen uwa ba ce gare su sai suka haɗa duka suka kira suya, mai sana'ar kuma mai suya, kuma wannan sunan ne ya zaga duniya, har ƙamus ɗin Ingilishi na Oxford ya shigar da shi a ƙarshen 2024. Ba a Nijeriya kaɗai aka yi haka ba: a Sudan, inda Hausawa mahajjata suka zauna, ana kiran irin naman nan agashe, daga Hausar "a gashe".

Shi yajin kansa ya dace da unguwar. Gyaɗarsa daga gonakin arewa take, cittarsa mai yatsu kuwa daga Kachia da Kwoi da sauran ƙasar Jaba, inda ake noman mafi yawan cittar Nijeriya. Da annobar ruɓewa ta faɗa wa gonakin citta na can a daminar 2023, farashinta ya yi tashin gwauron zabo, mai tsire da uwargida duk suka ji a jikinsu.

To naɗin fa, ta ina ya shigo? Cusa abu cikin nama ba baƙon abu ba ne gaba ɗaya. Matan Hausa in suna aikin naman layya sukan ƙunshe kitse cikin yankin tumbi su naɗe da hanji kafin su soya, kuma a Jamhuriyar Nijar akan cika cikin rago da kuskus ko shinkafa a gasa shi sukutum don biki. Amma naɗe faffaɗar tsoka da kayan lambu a gasa a tanda, wannan daga madafin Turawa ya fito. Ingilishi suna da nasu, Jamusawa da Italiyawa ma haka. Wanda ya fi kama da na Kaduna shi ne na Ajantina, ƙasar shanu, inda ake kiransa matambre, ma'ana kashe yunwa, kuma su ma ƙwai da karas suke sa masa. Kuku-kukun da suka yi aiki a gidajen Turawan gwamnati da na kamfanoni sun koyi irin waɗannan girke-girke, 'yan mata sun koye su a darasin girki na makaranta, daga baya littattafai da talabijin da wayar hannu suka ƙara yaɗa su. Sai dai kuku ko uwargida in sun tashi yi, ba su da giyar inabin da Bature ke tsuma nasa a ciki, ko kuma addini ya hana. Abin da ke hannu shi ne yajin tsire da lemun tsami da man gyaɗa, da mahaucin da ya iya sala.

Bayan 2000

Rikicin Fabrairu da Mayu na 2000, da na Nuwamba 2002, sun raba Kaduna gida biyu. Musulmi da yawa suka bar unguwannin kudu suka ƙetare gada, Kirista da yawa suka bar arewa suka yo kudu, kogin ya zama iyaka a zukatan mutane. A daidai wannan lokaci masaƙun suna mutuwa saboda tsadar wuta da mai da kwararowar atamfar waje. KTL ta rufe a 2002, United Nigerian Textiles ta dakatar da aiki a 2007. Mai tsire ya rasa taron da ke fitowa daga ƙofar masaƙa, kuma a wasu unguwannin zaman dare a bakin titi ya zama abin shakka gare shi. Sana'ar ba ta mutu ba, ko kusa. Har gobe a Kakuri da Makera da Barnawa ana cuɗanya, kuma Bahaushen mahauci na cikin 'yan kaɗan ɗin da ƙafarsu ba ta daina ƙetare gadar ba, don shanu a zangon Tudun Wada suke, masu ci kuwa ko'ina. Amma tsohuwar sabawa ta yau da gobe, inda uwargida ke da mahaucinta wanda ya san hannunta, ta ragu a wurare da dama.

A nan ne asarar take, kuma asarar harshe ce kafin ta ciki. Matar da ta tashi kusa da mahauta ta san tantaƙwashi daban, katara daban, tozo daban, ta san kwiɓi shi ne shimfiɗaɗɗiyar tsokar da ke tsakanin haƙarƙari da cinya ta ƙasan ciki. 'Yarta kuwa, in a kanti take sayen nama daskararre cikin leda, kilo kawai ta sani. Wadda ba ta san sunan yanki ba ba za ta iya nemansa ba, sai ta karɓi abin da aka miƙo mata, ta naɗe cinya mai kauri, ya fito waje a ƙone ciki ɗanye, ta ce girkin ne bai karɓe ta ba. Yajin tsire yanzu a kwalba ake sayar da shi, kowa na iya saye. Wuƙar ce ba a sa ta a kwalba.

Wadda ta dace da mahauci takan ce masa, "Malam, kwiɓi nake so, kilo ɗaya, a buɗe mini shi kamar za a yi kilishi, amma kada ya kai shi siranta." Shi ke nan ya gane. A gida sai ta kwaɓa garin ƙuli-ƙuli da citta da tafarnuwa da masoro da gishiri cikin man gyaɗa da ruwan lemun tsami kaɗan, ta shafe ciki da bai, ta rufe a firji daga awa 4 zuwa kwana guda. Lemun in ya yi yawa yakan sa saman naman ya yi laɓo-laɓo, shi ya sa ba a cika shi. Wajen naɗi akwai ƙa'ida guda da ba a karyawa. Tsokar kwiɓi dogayen zare gare ta, duk sun miƙe waje ɗaya, saboda haka akan naɗe ta yadda zaren zai bi tsawon naɗin, don in an zo yanka wuƙa ta gitta shi. In aka kuskure wannan, kome daɗin yajin, baƙo zai yi ta tauna kamar igiya. Bayan an ɗaure, sai a fara nuna masa wuta mai ƙarfi a kasko ya yi ja, a mai da shi tanda kamar awa guda. Inda babu tanda, ko aka ɗauke wuta, akan sa shi a tukunya mai kauri a kan gawayi, a zuba garwashi a kan murfin. In an sauke ba a taɓa shi sai ya huta kamar minti 10, don romon ya koma cikin tsoka, sa'an nan a kwance zaren.