Zorro Mai Rufe Fuska

Wani mai sauraronmu ya rubuto yana tambaya, wai an taɓa yin Zorro kuwa? To malam, ƙagaggen labari ne. Wani Ba'amurke, Johnston McCulley, ya rubuta shi a 1919, aka mai da shi fim a 1920, aka sake a 1940 da Tyrone Power. A Kalifoniya abin ya faru, zamanin mulkin Sipaniya, inda mai gari ya matsa wa manoma da haraji. Da rana Don Diego ɗan masu hali ne, sai ka ce matsoraci. Dare na yi ya rufe fuska, ya ƙwato kuɗin talakawa, ya tsaga harafin Z da takobi. Kai da ka taɓa sayar da akuya don biyan haraji, ai ba sai an gaya maka abin da ya sa har yau ake kallonsa ba.